Rigar iska da ruwan sama: me ya sa ta bar ka ka jiƙe, kuma wace jaket ce ke tare ruwa da gaske?

Ɗan'uwa na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce ka sayi jaket mara nauyi irin wadda ake kira winbireka, wato rigar iska, ranar farko yayyafi ya same ka kaga ruwa yana gangarewa a jikinta ko ɗigo bai taɓa ka ba ka ji daɗi, to bayan 'yan watanni ruwa mai ƙarfi ya ritsa da kai kana kan babur da jaka goye a baya, kafin minti 20 ka jiƙe sharkaf har singileti, shine kake tambaya ko jabu aka sayar maka, kuma meye bambancinta da sauran jaket ɗin. Ni dai na daɗe ina sana'ar ɗinki da gyaran irin waɗannan kayan, jaket da tanti da jakar goyo, na farke su na ga cikinsu ba adadi, bari in gaya maka abin da hannuna ya taɓa.

Gaskiya ba jabu bace. Kowa ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa, matsalar dai kai ba a gaya maka rariya ka saya ba. Rigar iska sunanta ya faɗi aikinta, iska aka yi ta ta tare. Ruwa kuwa jinkirta shi kawai take yi, ta ba ka 'yan mintuna ka samu wajen fakewa, shi kenan.

Ɗauko ta yanzu ka ɗaga ta saitin fitila ka duba da kyau. Yadi ne falle ɗaya, nailan ko foliyesta, an matse saƙar sosai yadda iska bata ratsawa da sauƙi, amma ramukan da ke tsakanin zare da zare suna nan ba inda suka je. In kana so ka tabbatar manna yadin a bakinka ka zuƙi iska, zaka ji tana shigowa kaɗan-kaɗan da ƙyar. To duk inda iska ta bi ta wuce, ruwa ma in ya samu mai tura shi zai bi. Abin da ya burge ka ranar farko wani sinadari ne da ake shafa wa bayan yadin tun daga masana'anta, ana ce masa DWR, shi ke sa ruwa ya dunƙule ya zama ƙwallo-ƙwallo ya mirgine kamar a bayan agwagwa. Bai toshe ramin ko ɗaya ba, hana ruwan kwanciya a kan zaren kawai yake yi. Kuma yana gogewa. Datti da gumi da man shafawa da omo da gogar madaurin jaka duk cin shi suke, shi ya sa zaka ga kafaɗa da wuya da bakin hannu su ne ke fara yin duhu in ruwa ya taɓa su, sauran jikin rigar kuwa ruwa na nan yana mirginewa abinsa.

Sai maganar matsi, kuma nan ne yawancin mutane ba sa lura. Yayyafi sauka yake a hankali. Manyan ɗigon ruwa kuwa suna iya faɗowa da gudun kusan mita 9 a daƙiƙa ɗaya, wajen kilomita 30 a awa kenan, kai kuma kana kan babur kana shiga cikinsu da naka gudun, kaga ruwan ba sauka yake a ƙirjinka ba, jifanka ake da shi. Ga madaurin jaka yana danna jiƙaƙƙen yadi a kafaɗarka yana matsa ruwan ciki kamar mai tace abu da ƙyalle. Na tabbata in ka tuna, ƙirji da kafaɗu da gaban hannu ne suka fara jiƙewa. Ina zargin in da tsaye kake ba jaka da ta ɗan ƙara jurewa, amma ba da yawa ba.

Masu yin yadi suna da ma'aunin wannan abin. Ana ɗaure yadin a ƙasan ruwa ana ƙara matsi a hankali har sai ɗigo ya ɓullo ta ɗaya gefen, sai a rubuta tsawon ruwan da ya iya ɗauka da milimita. In kaga an rubuta 10,000 mm ana nufin yadin zai ɗauki nauyin ruwa mai tsayin mita 10 a kansa kafin ya yoyo. Wajen 1,500 ne da yawa suke ɗauka a matsayin ƙasan abin da za a ce yana tare ruwa, 5,000 zai yi maka ɗan ruwa na gajeren lokaci, 10,000 ya isa yawancin tafiye-tafiye, 20,000 zuwa sama na wanda zai wuni cikin ruwa ne da kaya mai nauyi a baya. Yanzu duba takardar rigarka, na san da wuya ka ga wata lamba, saboda yadin da ba a shafa wa komai ta ciki ba ko 1,000 da ƙyar ya kai. Abin da zaka gani a rubuce shine wota-rizistan, wato tana ɗan jure ruwa, wannan daban yake da wotafuruf, wato mai tare ruwa da gaske, kuma tsakanin kalmomin nan biyu ne aka jiƙa mutane da yawa.

Amma ni a matsayina na tela abin da nake fara dubawa ba lambar bace, ɗinkin nake dubawa. Keke yana huda yadi sau 3 ko 4 a kowane santimita, ka lissafa ramukan da ke kafaɗa ɗaya kawai, ga kuma zaren kansa yana tsotsar ruwa yana kai shi ciki kamar lagwani. Rigar ruwa ta gaske in ka juya cikinta zaka ga wani siririn tef a manne a kan kowane layin ɗinki, da inji mai hura iska mai zafi ake liƙa shi, kuma aiki ne mai cin lokaci shi ya sa wasu kamfanoni ke yin wayo su liƙe kafaɗa da hula kawai su bar na gefe da na hannu. Rigar iska kuwa yawanci ba tef ko ɗaya. Zif ɗinta ma na kawai ne, ba murfi a kansa ba leɓe a bayansa, kuma hular bata da baki mai tauri, ruwa ya bi goshi ya bi wuya ya gangara ciki. An sha kawo min rigar da aka yi da yadi mai kyau ƙwarai mai ita yana ta faɗa wai tana yoyo, in juya in ga ba tef, ko kuma tef ɗin ya ɗaɗɗago a bayan wuya inda gumi ke taruwa.

To me ya hana a yi wadda bata yoyo ko kaɗan kowa ya huta? An yi ai, tun 1823. Wani masanin sinadarai ɗan Sikotilan, Charles Macintosh, ya narkar da roba ya shafa tsakanin yadi biyu, ruwa bai shiga, amma rigar tana wari, da zafi ta yi danƙo da sanyi ta ƙame, mai sanye da ita kuma ya jiƙe da zufarsa. Wannan matsalar ta ƙarshe har yau ita ce ba a gama da ita ba. Rigar leda irin ta PVC da masunta da ma'aikatan titi ke sawa jikanyar waccan ce, ɗinkinta ma yawanci narkarwa ake a haɗe ba allura, ruwa ko kamar da bakin ƙwarya ake yi bazai shiga ba, amma mutumin da ke aikin ƙarfi yana iya fitar da gumi kusan lita ɗaya a awa, kuma cikin leda ba inda gumin nan zai je. Ka cire ta kaga rigar cikinka jagab ka rantse yoyo ta yi.

Wanda ya kawo canji shine Bob Gore a Amurka, a 1969 ya fizgi sandar wata roba da ake kira PTFE da ya ɗumama, fizga ɗaya da sauri, maimakon ta tsinke sai ta miƙe ta zama tantani mai cike da ƙananan ramuka, zuwa 1976 aka fara sayar da kayan Gore-Tex. Kamfanin yana cewa kowane rami ya fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000 amma ya fi ƙwayar tururi girma sau 700, wato ruwa bazai shiga ba tururin jikinka kuma zai fita. Yanzu kamfanoni da yawa suna da irin nasu tantanin, wasu da wata roba da ake kira PU suke yi. Shi ake mannawa a bayan yadin waje, in kaji an ce falle 2 to akwai shafi daban yana lilo a ciki, falle 2.5 an ɗan yi wa tantanin fenti ne a ciki don kar ya goge, mara nauyi amma yana manne wa fata kuma baya daɗewa, falle 3 kuwa an haɗe duka uku sun zama yadi ɗaya, shine mai ƙarko. Irin wannan jaket ɗin ce ake kira hadshel.

Sai dai kar talla ta ɗebe ka. Tururi yana fita ne in cikin rigar ya fi waje ɗumi da laima. A wuri mai sanyi abin yana aiki ba laifi. In ruwa ake yi cikin zafi, iskar waje ita ma cike take da laima, to tururin bashi da dalilin fita, zaka yi gumi a cikin jaket mafi tsada kamar yadda zaka yi a leda, ɗan bambancin kaɗan ne. Shi ya sa ni na fi ganin girman zif ɗin hammata fiye da duk lambobin numfashi, wato na yawan tururin da ke fita, da suke rubutawa, ka zuge shi iska ta shiga da kanta. Sannan ita ma hadshel ɗin tana dogara da DWR ɗin nan, ranar da ya goge yadin waje ya sha ruwa ya kwanta, tantanin bai huje ba amma an toshe masa hanci, gumi ya taru a ciki, rigar ta yi nauyi ta yi sanyi. Yadda zaka bambance: in jiƙar ta bazu ko'ina musamman baya da hammata kuma da ɗumi, gumi ne, in wuri guda ne kusa da ɗinki ko zif kuma da sanyi, yoyo ne.

Nan fa rigar iska take da nata mutuncin, kar ka ga kamar na tsane ta, ina da guda biyu. Wasu nauyinsu bai wuce giram 100 ba, ka dunƙule ta a aljihunta ta zama kamar ƙwallo, ba abin da ke da sauƙin ɗauka irinta. Tun 1965 da Léon-Claude Duhamel ya fito da rigar K-Way a Faransa mutane ke son rigar nailan da za a cusa a ƙaramar jaka a rataya a ƙugu. Mai gudu ko mai tuƙa keke a yayyafi, jikinsa yana ta fitar da zafi, in ya sa hadshel zai jiƙe da gumi, in ya sa rigar iska zai ɗan jiƙe da ruwa amma iskar bata dukansa, kuma ruwa na tsagaitawa ta bushe a jikinsa cikin ɗan lokaci tunda foliyesta kusan baya shan ruwa a cikin zarensa, nailan ma kaɗan yake sha. Ko ta yaya dai jiƙa zai yi, sai ya zaɓi wadda ta fi sauƙi. Akwai kuma masu kamar rigar iska da aka shafa wa PU ta ciki, in ka taɓa cikin zaka ji santsi kamar roba, waɗannan sun fi jure ruwa amma sun rasa numfashin, kuma in ba tef a ɗinki to zancen dai yana nan.

Inda abin ya daina zama wasa shine ruwa da iska da sanyi su haɗu kuma kana nesa da mafaka. Ruwa yana ɗebe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, jiƙaƙƙiyar rigar iska tana mannewa a fata ta zama kamar ba ka sa komai ba, in zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 mutum ya fara kakkarwa da ruɗewa, kuma ba sai ana ƙanƙara hakan ke faruwa ba. A watan Mayu 2021 a lardin Gansu na ƙasar Sin, 'yan tseren kilomita 100 a kan duwatsu ruwa da ƙanƙara da guguwa suka rufe su, da yawansu da gajeren wando da 'yar shat, mutum 21 suka rasu, cikinsu har da ƙwararru. Gudun irin wannan ne ya sa babban tseren UTMB da ake yi kewaye da dutsen Mont Blanc a Turai ya wajabta wa kowa ɗaukar jaket mai hula mai tare ruwa da gaske wadda aka liƙe ɗinkinta, rigar iska bata wucewa a wajen binciken kaya. Ni ma na taɓa yin wannan gangancin a kan wani tsauni, na bar rigar ruwa don in rage nauyi, hadari ya taso ba zato, awa guda da wani abu ina saukowa yatsuna suka kasa kama zif, da haƙori na ja shi. Jiki magayi, tun ranar ban ƙara ba.

Sauran jaket ɗin kuma bari in bi su da sauri. Sofshel, wannan mai ɗan kauri mai talewa mai laushi a ciki, ta fi rigar iska ɗumi da jure gogayya, a yayyafi tana ɗan fin ta daɗewa, amma in ta sha ruwa ta yi nauyi kuma bushewarta sai an jira. Filis, mai gashi-gashi kamar bargo, bata tare ruwa bata tare iska, amfaninta ko ta jiƙe ka matse ka mayar zata riƙe maka ɗan ɗumi, wurinta ƙarƙashin rigar ruwa ne. Mai kumburin nan da ake cusa wa gashin agwagwa ko dinya ita ce sarauniyar ɗumi a bushe, a jiƙe kuwa gashin ya cure ya kwanta ta zama ba komai, wadda aka cusa wa zaren roba irin PrimaLoft ta fi ta haƙuri da ruwa nesa ba kusa ba. Auduga mai kaki irin ta Barbour ta Ingila tana tare ruwa daidai gwargwado kuma tana shekaru, sai dai nauyi, ba a wanke ta da omo, kuma sai ana sabunta mata kakin. Jaket ɗin jins da duk wata audugar kawai su ne mafi muni, su sha ruwa su riƙe su ƙi bushewa. Ta fata kuma tana tare iska sosai, ɗan ruwa ma bata damu ba, amma in ta jiƙe ka shanya ta kusa da wuta ta ƙame ta tsattsage.

Taka rigar kuma kar ka jefar, ana iya dawo mata da mirginewar ruwan. Mutane suna tsoron wanke irin kayan nan wai kar sinadarin ya fita, alhali dattin ne ya fi kashe shi. Wanke ta da sabulun ruwa mara ƙarfi ko wanda aka yi don haka irin na Nikwax ko Grangers, ka ɗauraye sau biyu don ragowar omo jan ruwa yake, kar ka kuskura ka sa mata ruwan laushin kaya ko bilic. In ta bushe ba ta ɗan ɗumi, minti 20 a injin busarwa a zafi kaɗan, ko ka shimfiɗa tawul a kai ka bi da dutsen guga a ƙaramin zafi ba tururi, amma duba takardar wankin tukuna saboda nailan siriri narkewa yake nan take. Yayyafa ruwa ka gani, in ya dunƙule ya farfaɗo, in ya kwanta ya yi duhu sai ka sayi DWR na fesawa. Wani abu kuma, sinadarin da ake amfani da shi da can dangin PFAS ne, yana aiki sosai amma baya ruɓewa a ƙasa ko a jikin mutum, jihohin Kalifoniya da Niyok a Amurka sun hana shi a yawancin tufafi daga farkon 2025, kamfanoni da yawa sun koma wanda ba shi da shi, kuma sabon baya jure maiƙo kamar tsohon, sai an fi yawan wankewa. Duk da haka ka sani ko gwangwani guda ka juye mata bazata zama rigar ruwa ba, ramukan saƙa da na allura suna nan, mintunanka kawai ka dawo da su. Kuma kar ka riƙa dunƙule ta a jiƙe ka manta, musamman mai shafin PU, laima ke ruɓar da shi ya fara ɓarewa fari-fari yana wari, in ya kai nan ba telan da zai gyara.

Tunda kace kan babur ka fi haɗuwa da ruwan, in nine kai ba zan ɓata kuɗi kan hadshel mai tsada ba. A zaune kake ba gumi kake sosai ba, abin da ke gabanka matsin ruwa ne, to rigar PVC ko mai kaurin shafin PU da wandonta ita ce daidai da kai, ka ɗauki wadda ta ɗan fi ka girma ta hau kan kayanka, mai murfi a kan zif da maɓalli, mai matsewa a wuya da bakin hannu, launi mai haske ko mai layin ƙyalli saboda masu mota su gan ka, jakar kuma ko ka sa ta a ciki ko ka samo mata nata murfin. Wandon ka duba ɗinkin tsakiyarsa da kyau don nan ruwa ke taruwa a kan sit. In kuma kana tafiyar ƙasa mai nisa ko hawan dutse to nan ne mai tantani zata biya kuɗinta, 10,000 zuwa sama, tef a kowane ɗinki, zif a hammata, rigar iskar kuma tana aljihun jaka don ranar iska da yayyafi.

Duk wadda ka saya, kafin ka cire mata takarda sa farar riga ko mai ruwan toka a ciki, goya jakarka, ka tsaya ƙarƙashin shawa minti 10 kana ɗaga hannu kana juyawa kana sunkuyawa, sannan ka cire ka duba rigar cikin a madubi, kafaɗa da bayan wuya da layin zif zaka fara dubawa.